Ranar Da Na Ƙi Barin “Ba Komai” Ta Wuce

Salamu alaikum, mutanena. Masu zagina a ƙasan rubutun makon jiya, na karanta saƙonninku ɗaya bayan ɗaya, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto daga Kano ta ce wai zan sayar da aurena saboda Bayahudiya. Hajiya, gyara zama. Yau zan faɗa miki yadda cinikin ya kaya, in ya so ki ƙara zagin da hujja.

Sababbin zuwa, sunana Nuha, shekarata ashirin da huɗu. A Jidda aka haife ni, a unguwar Nuzla, a ɗakin da na'urar sanyinsa take ɗiga cikin bokiti tun ina firamare. Kakana daga Haɗeja ya zo aikin Hajji bai koma ba. Ni ban taɓa taka Najeriya ba, a nan ɗin ma ba 'yar ƙasa ba ce. Da iƙama muke zaune ni da Ummi, katin nan da in ya ƙare ba a sabunta ba sai ka koma kamar ɓarawo a unguwar da aka yanke maka cibiya. Ina aiki a teburin karɓar baƙi a wani asibitin haƙori, a can na goge Turancina a bakin nas-nas 'yan Filifin.

Khala Latifa ƙanwar Ummi ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha tara tana aiki a gidan wani attajiri da ake ce wa Abu Meshari, ita ta raini 'ya'yansa huɗu. Wata bakwai da suka wuce tsohon ya kwanta ciwo, aka fita da shi Amurka, matarsa Madam Hind ta tafi da Khala. Tun da suka sauka sau biyu muka ji muryarta, duk a wayar Madam, Madam kuma na tsaye a kanta.

To ga inda gizo yake saƙar. Iƙamarmu ni da Ummi a ƙarƙashin kamfanin Abu Meshari take, shi ne kafilinmu, mai tsaya mana a wurin hukuma. Wanda kuma yake zirga-zirgar takardun kamfanin, yake sabunta wa kowa kati, shi ne Abdulghaffar. Abdulghaffar ɗin da aka sa mana rana bayan ƙaramar Sallah. Bahaushe ne haifaffen Jidda kamata, sai dai shi kakansa ya dace da takardar zama ɗan ƙasa. Kuma kada wata ta ce min auren kati zan yi. Ina son sa. Ina son yadda yake cewa “Nuha” kamar yana tsoron sunan ya fashe. Na faɗa, ban ji kunya ba.

Ranar Litinin ina wurin aiki wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar tsohuwa ce da Turanci, a hankali take magana. Ta ce sunanta Rifka, akwai wata mata a wurinta da ba ta san lambar kowa a duniya ba sai tawa. Ai kuwa, ni na koya wa Khala lambar da waƙa muna tsinke ganyen mulukhiyya, don ba ta karatu.

A ɗakin injinan wanki na ƙasan benen da su Madam suka kama haya Rifka ta gan ta. Ita da matan ƙungiyarsu suna bin irin waɗannan ɗakuna suna manna takardu da harsuna kala-kala, don 'yan aikin gida su san haƙƙinsu. Ƙungiyar Yahudawa ce, ta masu zuwa wani ƙaramin wurin ibadarsu a garin. Ta ce ta tarar da Khala tana sallah tsakanin injina biyu, da silifas, cikin sanyin da ruwa ke daskarewa, hannunta ɗaya naɗe da tsumma. Ta jira ta sallame, ta cire rigar sanyinta ta yafa mata. Sau uku suna haɗuwa a wurin, a na huɗu Khala ta bi ta.

Kar ku ɗauka ni ma ban ja baya ba. Ni ma ina kallon talabijin, ni ma na yi kukan Gaza har idona ya kumbura. Ban ɓoye mata ba, na rubuta mata: “Me ya sa? Kin san abin da muke ji game da ku?”

Ta amsa: “Na sani. Ni ma ina kallo, kuma duk Talata muna tsayawa bakin titi da kwalaye a kan wannan, wasu danginmu sun daina gaishe mu. Amma maganar innarki daban ce. Duk shekara muna zama cin wata gurasa marar yisti, mu gaya wa 'ya'yanmu cewa kakanninmu bayi ne a Masar. Wata shekara muka duba muka ga masu wanke kwanukan wannan liyafar ba su da ranar hutu. Sai muka fara da gidajenmu, kowa ya sa hannu a kan alkawari. Daga nan muka fita waje.”

Labarin Annabi Musa da Fir'auna, na ce a raina. Ban ce na yarda da kowa ba, jama'a. Na dai ce wannan tsohuwar ta cire rigarta ta ba jinina, mu kuma da muke sallah alƙibla ɗaya da masu gidan wata bakwai muna cewa “Allah ya sa tana lafiya.”

Matsalar ita ce fasfon Khala yana jakar Madam. Su Rifka sun kai magana ofishin ƙwadago na garin, wata jami'a ta zauna da Khala, aka samo tafinta Balarabe ta waya. Duk tambayar da aka yi mata sai ta ce, “Alhamdulillah, ma fi shai.” Shi kuma bawan Allah ya fassara: ta ce ba abin da ya faru. Jami'a ta ɗauki biro za ta rufe fayil. Rifka ce ta tsaya kai da fata, ta ce mace ba ta cewa ba komai hawaye na bin wuyanta, a sake zama da wanda ya san harshenta na gida. Aka ba su zama ɗaya tak, ranar Alhamis, ƙarfe biyar na yamma agogon Jidda. In aka rufe fayil, ba mai tilasta wa Madam ta fito da fasfo, Khala kuma na san ta, kunya kaɗai za ta mayar da ita gidan da ƙafarta.

Kuskurena ɗaya, na gaya wa Ummi. Ummi kuwa ba ta da sirri da surukinta.

Ranar Alhamis na dawo daga aiki na tarar falo ya sha turaren wuta, an shimfiɗa sabon zanin kujera mai ruwan zuma, wanda ba a fito da shi sai da Sallah. Ummi na soya sambusa tana fifita da gefen mayafi.

“Je ki canza wannan abayar, warin asibiti take. Sa koriyar nan mai duwatsu.”

“Wa zai zo?”

“Wa kike da shi?”

“Ummi, ƙarfe biyar ina da waya.”

Ta juyo da matsamin mai a hannu. “Wayar ce ta kawo shi. Nuha, Yahudawa fa! Ke ko tsoron Allah ba kya ji? A ce 'yata ce bakinsu?”

“Bakin Khala zan zama, ba nasu ba.”

“Latifa ba ta aike ki ba. Mu ba a san mu da tone-tone ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shekara goma sha tara ta yi haƙuri, yanzu da ya rage kaɗan su dawo...”

“Kaɗan ɗin nan da wane hannu za ta yi shi?”

“Kul! Ni kike mayar wa?”

Na shige ɗaki. Ban sa koriyar ba. Baƙar abayar aikina na bari a jikina, har da katin sunana a ƙirji, na ɗaura tarhata, gyalen kaina, tamau. In faɗa ne, gara a same ni da kayan aiki.

Bayan la'asar Abdulghaffar ya yi sallama. Farin tobe, jallabiyar mazan nan, sai ɗaukar ido yake, an goge shi har yana iya yanka, ga ƙamshin nan nasa da yake riga shi shigowa. A hannu ɗaya jakar roba mai zif da yake zuba takardun mutane, a ɗayan wani ƙaramin akwati ja. Ya durƙusa ya gaida Ummi.

“Ummi, an wuni lafiya? Ya ƙafar?”

“Da sauƙi, ɗana. Allah ya yi albarka.”

Ku riƙe wannan “da sauƙin”. Ƙafar Ummi ranar ko takalmi ba ta shiga.

Ta ajiye mana shayi da sambusa ta koma kicin, ta bar ƙofa a buɗe yadda ko tari muka yi za ta ji. Ya tura min jan akwatin. Na buɗe. Sarƙar shabka ce, zinaren da ango ke kai wa amarya, wadda na nuna masa a kasuwar Balad wata uku da suka wuce na ce ta yi kyau, na wuce abina. Ashe ya riƙe. Wallahi sai da zuciyata ta motsa, ba zan yi muku ƙarya ba.

“Ta yi?”

“Ta yi kyau. Amma ba yau ce ranarta ba. Me ya sa yau?”

Ya shafa gemu. “Nuha, habibti, Madam ta kira ni sau tara tun jiya. Cewa take Khala ta rikice, wasu sun yaudare ta sun ɗauke ta.”

“Kai ka yarda?”

“Ba yardata ake tambaya ba.” Ya rage murya. “Ki saurare ni. Ban ce ki ƙi ɗaukar waya ba. Ban ce ki yi ƙarya ba, astagfirullah. Tafinta aka ce ki zama, ko? To ki zama tafinta. Abin da ta faɗa, ki faɗa, kalma da kalma. Kar ki ƙara, kar ki rage. Halas.”

Na dube shi. Kun ga wayon? Ya san Khala kamar yunwar cikinsa. Ya san ko wuƙa aka sa mata a wuya “ba komai” za ta ce. So yake in yi ƙarya da gaskiya, in fito hannuna fes.

“In ta ce ba komai fa?”

“Sai ki ce ta ce ba komai.”

“Alhali ni da kai mun san da komai.”

“Ni ban sani ba, ban je Amurka ba.”

“Abdulghaffar, ɗazu ka tambayi Ummi ƙafa, me ta ce?”

Ya kawar da kai.

“Ta ce da sauƙi. Ka ga ƙafar? In likita ya tambaye ka, cewa za ka yi ta warke?”

“Wannan daban.” Ya ɗora hannu a kan jakar robar. Ban san ko da gangan ya yi ba, amma idona ya gani. “Kin ɗauka ni ina da ƙarfi ne? Ina da katin ɗan ƙasa, na'am. Amma shekara shida ina gidan nan, in na juya baya ‘takruni’ suke ce min, baƙin bare. Kalma ɗaya daga Madam, ni da aikin mun rabu. Kuma ba ni kaɗai ba. Iƙamar Ummi saura kwana goma sha ɗaya, ga takardun nan, sa hannun ɗan Abu Meshari kawai nake jira. Ki yi wa Allah ki bari mu tsallake wannan, in aka ɗaura aure in mayar da ku ƙarƙashina, daga nan ki yi yaƙin da kike so.”

“Zama ɗaya aka ba ta. Yau.”

“Kuma da wa kike haɗa kai? Kin san abin da za a ce a Nuzla in aka ji? Matar Abdulghaffar ce ke yi wa Yahudawa aiki.”

“A ce. Waɗanda za su faɗa, wa ya taɓa tambayar inda Khala take kwana?”

Wayata ta yi ƙara a kan tire. Biyar saura minti biyu. Saƙon Rifka: “Mun zauna. Ta ci abinci kaɗan. Tana ta tambayar ko kin ci naki.”

Na jingina wayar da fulas ɗin shayi na danna. Hoto ya buɗe. Wani ɗaki mai farin fitila, tebur, jami'ar da kwamfuta a gabanta. Gefe guda wata tsohuwa mai gajeren farin gashi da tabarau rataye da igiya, Rifka kenan. A tsakiya kuma wata ƙaramar mata cikin ƙatuwar rigar sanyi shuɗiya, baƙar tarha a kanta. Sai da na ƙura ido na gane ta. Khala Latifa da in ta zauna a kujerar nan tamu ba mai samun wuri, ita ce ta koma haka.

“Nuha, 'yata. Kin wuni lafiya? Ya aiki? Ya Yaya?”

“Lafiya lau, Khala.” Kun ji ni ma.

Jami'ar ta gabatar da kanta, sannan ta tambaye ni ko akwai wani a ɗakin tare da ni. Abdulghaffar ya ɗaga min hannu daga gefe yana girgiza kai.

Na ce da Turanci, “Akwai wanda zan aura. A kamfanin masu gidan yake aiki.”

Yana jin Turanci daidai gwargwado. Na ga fuskarsa ta canza kamar na watsa masa shayin. Jami'ar ta ce ba za a ci gaba ba sai na keɓe. Na ɗauki wayata na shige ɗakinmu na saki labule. Gidan namu dai kun san shi, bangon kamar kwali, in aka yi atishawa a falo daga ɗaki ake cewa yarhamukallah. Ta ƙasan labulen ina hango takalmansa a bakin ƙofa. Bai tafi ba.

Tambaya ta farko: yaya mutanen gidan suke riƙe ta?

Na mayar da Hausa. Khala ta sunkuyar da kai. “To, alhamdulillahi. Ba komai.”

Na fassara yadda ta faɗa, na fara ƙarawa, “amma a wurinmu...” Jami'ar ta ɗaga hannu. Kalmominta kawai, in ji ta, ban da sharhi.

Ta biyu: ana barin ta ta fita in ta so?

“Sai godiya.”

Ta uku: me ya sami hannunta?

“Da sauƙi.”

Ina fassarawa ina jin kamar ƙasa nake tura wa Khala da hannuna. Abin da Abdulghaffar ya roƙa shi nake yi, ba tare da na yi niyya ba. Jami'ar na bugawa a kwamfuta, Rifka ta cire tabarau ta riƙe a hannu tana kallona. Ba ta da izinin magana.

A nan raina ya ɓaci. Na ce wa jami'ar, “Madam, ki ba ni minti ɗaya, in ya so ki kore ni. Ranar da mahaifina zai rasu, ina tsaye likita ya tambaye shi jiki. Ya ce da sauƙi, alhamdulillah. Ko awa ɗaya bai ƙara ba. A harshenmu mai lafiya ba ya cewa da sauƙi, sai marar lafiya. Kuma ‘ba komai’ ba amsa ba ce, ƙofa ce ake rufewa don kar a ɗora wa wani nauyi. In kika rubuta cewa ta ce tana lafiya, kin rubuta kalmominta daidai, kuma kin rubuta ƙarya.”

Ta daina bugawa. Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce ta fahimta, amma ba za ta iya rubuta abin da matar ba ta faɗa da bakinta ba. Za ta sake tambaya sau ɗaya, in yi wa Khala ita yadda za ta shige ta.

Jama'a, akwai maganar da ƙarami ba ya yi wa babba a gidanmu. Tun da nake ban taɓa yi wa ko sa'ata ba.

“Khala, na haɗa ki da girman Allah ki faɗi abin da aka yi miki.”

Ta ɗago a firgice. “Nuha! Ni kike haɗawa da Allah? Ni da na goya ki?”

“Ke, Khala. Ki yafe min daga baya.”

Ta dubi Rifka, ta dubi jami'ar, ta matso da fuskarta kusa da waya kamar ba za su ji ba, alhali ko ta yi ihu ba ji za su yi ba.

“Ke yarinya ce. In na yi magana, katinku fa? Ƙafar Yaya, wa zai duba ta in kati ya mutu? Aurenki fa? Ni nawa ya riga ya wuce. Ki ce musu ba komai, in koma, Madam ta huce.”

Ashe ba kunya kaɗai ba ce. Mu take rufa wa asiri da fatar hannunta.

Sai na ji labule ya motsa. Ummi ce, tana jan ƙafa, matsamin mai har yanzu a hannunta. Na ɗauka wayar za ta fizge, har na ƙanƙame ta. Ta zo ta tsaya a kaina ta leƙa. Wata bakwai rabon da ta ga fuskar ƙanwarta.

“Wace ce wannan?” Ni ta tambaya, da gaske take.

“Yaya, ni ce.”

Matsamin ya faɗi a kan leda. Ummi ta zauna a bakin gado daɓas. “Latifa? Ina sauranki? Ɗaga hannun in gani.”

“Da sauƙi, Yaya...”

“Kar ki da-sauƙe ni, ni na koya miki ita! Ɗaga!”

Khala ta ɗaga. Su Rifka sun sa an naɗe shi da farin bandeji, amma yatsu biyu da suka leƙo sun isa. Ummi ta dafe ƙirji ta yi salati. Sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta yi magana da muryar da ban taɓa ji a bakinta ba, da ƙarfi, yadda na falo zai ji.

“Latifa, don nonon da muka sha, ki faɗa. Kati na Allah ne. Ban aike ki ki ƙone saboda ni ba.”

Khala ta rufe ido. Da ta buɗe baki, ba ta tsaya ba.

A kan kwali take kwana, a lungun kicin kusa da kwandon shara. Wata bakwai ba ranar hutu ko ɗaya. In za su asibiti ta waje suke kulle ƙofa, ba ta fita sai wanki, shi ma ana duba agogo. Mai ne ya kife mata tana soya wa baƙin Madam kifi, Madam ta miƙo mata man goge baki ta ce ta shafa ta ƙarasa suyar. “Gidan da kullum asibiti ake zuwa, Yaya. Kullum. Ko sau ɗaya ba a ce Latifa zo a duba ki ba. Ni da na yi wa 'ya'yanta tsarki.”

Ni kuwa na fassara. Kalma da kalma, ban ƙara ba, ban rage ba, kamar yadda aka roƙe ni. Har na ɗaga murya don kar wata kalma ta ɓace tsakanin ɗaki da falo. Kwali na ce kwali. Man goge baki na ce man goge baki. Yatsun jami'ar sai gudu suke a kan kwamfuta.

A ƙarshe ta tambayi Khala abin da take so.

“Fasfona. In riƙe shi a hannuna. Shekara goma sha tara, hoton da ke ciki ma ban taɓa gani da kyau ba.”

Jami'ar ta ce fayil ba zai rufu ba, yau ɗin nan za a aika wa masu gidan takarda. Da za a kashe, Rifka ta matso ta mayar da tabarau, ta dubi wata 'yar takarda a tafin hannunta ta karanto, “Na gwode.” Khala ta kai mata duka a kafaɗa da hannun mai lafiya. “Na gode ake cewa, Rifkatu! Kwana uku ina koya miki.” Ummi ta yi dariya cikin kuka, sannan ta kama kanta ta tsuke baki, ta ce a ƙasan maƙoshi, “Ki ce mata Allah ya saka.” Na faɗa mata, shi ma kalma da kalma.

Na ɗaga labule na fito. Ba takalma a bakin ƙofa. Shayinsa ya huce ko kurɓa bai yi ba, sambusa na nan yadda aka jera ta. Jakar robar ta tafi. Jan akwatin kuwa yana kan tire a buɗe, sarƙar na sheƙi. Ban sani ba ko bari ya yi, ko mantawa, ko kuma hannunsa ne ya kasa ɗauka. Ummi ta dube shi ta dube ni, ta kwashe kofuna.

Ana kiran magariba saƙonsa ya shigo, guda uku a jere.

“Na ji komai.”

“Madam ta kira. Ɗanta ya ce kar in kawo masa takardar kowa daga gidanku.”

“Kwana goma sha ɗaya, Nuha. Yanzu ya kike ji?”

Na zauna a kan sabon zanin kujerar. Ruwan na'urar na ɗiga a bokiti, Ummi na alwala a bayi tana jan ƙafar da ba mu san wa zai duba ta ba nan da mako biyu. Tsoro nake ji, mutanena, irin wanda ban taɓa ji ba. Kuma ina son mutumin nan har yanzu, abin da ya fi ba ni haushi kenan.

Na ga alamar yana kan layi, yana jira. Shi Bahaushe ne, ba ya buƙatar tafinta. Na rubuta masa:

“Lafiya lau. Ba komai.”